Mu San Ƙasarmu: Daga Bakin Kogi a Gaya Zuwa Rairayin Balma

 

Ya 'yan uwa, musamman ɗalibanmu: shekaru da dama da suka wuce, lokacin da muke karatu a ƙasar waje, wani malaminmu ya ce mu ɗaliban Nijar mu siffanta masa ƙasarmu. Mutumin Maraɗi ya ce ƙasa ce ta hatsi da gyaɗa. Mutumin Tilaberi ya ce ta kogi ce da shinkafa. Shi kuwa na Agadas ya ce duwatsu ne da raƙuma. Sai malam ya yi murmushi ya ce: "To, daga ƙasa ɗaya kuka fito ko daga uku?" Kowannenmu gaskiya ya faɗa, sai dai kowa ya tsaya ne a iyakar inda ƙafarsa ta taɓa takawa. Mun ji kunya a ranar, kuma har yau muna ganin irin wannan ga yaranmu. Za ka samu ɗalibi ya san sunayen unguwannin Dubai daga wayarsa, amma bai san a wace jaha Timiya take ba.

Faɗin Jamhuriyar Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne, babu ƙasar da ta kai ta girma a Afirka ta Yamma. Tana da iyaka da ƙasashe 7: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Chadi. Jahar Agadas kaɗai ta fi rabin ƙasar, ta kuma fi Faransa faɗi. Wanda ya tashi daga Yamai zuwa Difa zai ci kimanin kilomita 1,360 bai fita daga ƙasa ba. Ƙasa mai irin wannan girma ba ta zama da fuska ɗaya.

Ruwan sama shi ne mabuɗin fahimta

Duk wanda yake son ya gane dalilin bambancin sassan Nijar, to ya bi sawun ruwan sama. Iskar damana tana tasowa ne daga teku, ta kudu maso yamma, tana ɗauke da danshi. Gwargwadon yadda take nausawa arewa, haka take raguwa da ƙarfi. Shi ya sa damana ke riga sauka a kudu, ta kuma daɗe a can, alhali a arewa tana zuwa a makare ta tafi da wuri.

A Gaya ana samun kimanin milimita 800 a shekara. Wato da za a ajiye buɗaɗɗiyar ganga a fili, rana ba ta shanye komai ba, ruwan shekara zai kai wa babban mutum kusa da kugu. A Yamai ya ɗan haura milimita 500, a Damagaram wajen 400. A Agadas ba ya cika taƙi ɗaya. A Balma kuwa bai kai milimita 20 ba, kaurin ɗan yatsa ke nan, kuma akan yi shekara ba a ga ɗigo ba. Itatuwa da dabbobi da sana'o'in mutane, har da irin ginin gidajensu, duk wannan ma'auni suke bi. Bari mu bi shi daki-daki, daga inda ruwa ya fi yawa zuwa inda ya fi ƙaranci.

Kogin Isa da dazukan kudu maso yamma

Kogin Isa, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira Kwara, ya faro ne daga tsaunukan ƙasar Gini. Yana shigowa Nijar daga Mali, ya ratsa Ayoru da Tilaberi da Yamai da Say har zuwa Gaya, tafiyar kimanin kilomita 550. A wajen Ayoru akwai tsibirai da dorinai, kuma a cikin kogin akwai ayu, dabbar ruwan nan mai shayarwa da masunta suka fi kowa sani.

Akwai abin lura game da wannan kogi: sau biyu yake cika a Yamai. Cikar farko a watannin Agusta da Satumba ce, ruwan ya zo jajawur saboda jar ƙasar da ƙoramun yankin suka kwaso. Ta biyu kuwa sai wajen Disamba da Janairu, a tsakiyar sanyi, lokacin da babu ko gajimare a sama. Ruwan da aka yi a Gini ne tun damana, ya bazu a cikin faffaɗar fadamar tsakiyar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali kafin ya iso. Ke nan manomin shinkafa na bakin kogi yana cin amfanin ruwan da aka yi a ƙasar da bai taɓa gani ba. Duk da girman kogin nan, a watan Yuni na 1985, bayan farin shekarar 1984, sai da ya daina gudu a Yamai.

Kimanin kilomita 150 kudu da Yamai akwai gandun dajin W. An ba shi wannan suna ne saboda kogin ya yi lanƙwasa a wurin mai kama da wannan harafi na boko. An kafa shi a 1954, ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, kuma hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gadon duniya a 1996. Daji ne na kuka da dogayen ciyayi, mai giwaye da ɓauna da gwanki da zakuna, da tsuntsaye fiye da iri 350.

Gabas da kogin akwai wasu faffaɗan kwaruruka da ake kira dallol, wato Dallol Boso da Dallol Mauri. Hanyoyin tsofaffin koguna ne da suka ƙafe tun zamani mai nisa, amma ruwa bai yi nisa a ƙarƙashinsu ba, shi ya sa rijiyoyinsu gajeru ne, kuma giginya ta yi kurmi a wajen Gaya. A kusa da Dallol Boso, a yankin Kure, kilomita 60 daga Yamai, nan ne raƙuman dawa na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Da mutanen ƙauyuka da hukuma suka haɗa kai wajen hana farautarsu, sai suka hayayyafa suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji da ke jahar Maraɗi. Ba a cikin shinge suke ba. Suna yawo ne a tsakanin gonaki, wani lokaci har su taɓa waken manomi, shi kuwa ya yi haƙuri.

Ƙasar noma: tudu da gulbi da gawo

Idan aka kama babbar hanya zuwa gabas, daga Doso ta Dogon Dutsi da Ƙonni, an shiga ɗamarar noma inda mafi yawan jama'ar ƙasa suke zaune. Mai wucewa da mota zai ɗauka shimfiɗa ɗaya ce, amma ba haka ba ne. A Adar, cikin jahar Tawa, tuddai ne na dutse masu ƙwarya-ƙwarya, a tsakaninsu kwaruruka masu albarka irin na Majiya, inda albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen bakin teku.

A Maraɗi kuwa gulbi ne ke da magana. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Ruwa bai san iyakar da Turawa suka shata ba. A kusa da shi akwai tabkin Madarunfa, matattarar masunta da tsuntsayen ruwa. A Damagaram sai ka iske manyan duwatsu mulmulallu sun hau kan juna a cikin Birni, gidaje sun raɓe a jikinsu, ga lambunan Mirya da raken ƙoramun kudu.

Itacen da ya fi siffanta wannan yanki shi ne gawo. Shi yakan zubar da ganye da damana, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa. Da rani kuma ya yi kore, dabbobi su sha inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Sarakunan Damagaram na da sun tsananta hukunci a kan mai sare shi, kuma sun san abin da suke yi. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, gonaki da yawa sun zama fili fetal. Sai manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututtukan gona, su sassabe wasu su bar mai ƙarfi ya girma. Da wannan dabara mai sauƙi, masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Wanda ya bi ta Agye ko Matamai a yau zai gani da idonsa.

Gabas: Manga da Komadugu da tabkin Chadi

Bayan Gure ƙasa takan sake kama. A yankin Manga, wajen Gudumariya da Maine Sorowa, tuddan rairayi ne, a tsakaninsu wasu kwaruruka zagayayyu kamar kwano. Kana tafe cikin yashi sai ka leƙa ƙasa ka ga goruba da dabino da lambu, a tsakiya kuma farar kanwa. Babban abokin gabar waɗannan kwaruruka shi ne rairayin da iska ke turowa, wanda ya riga ya binne wasu.

Daga nan sai kogin Komadugu, wanda ya raba Nijar da Najeriya a jahar Difa, ya kuma shayar da gonakin tattasan da aka san Difa da shi, kafin ya zuba a tabkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗin tabkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma garin Ngigmi a bakin ruwa yake. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ko kashi ɗaya cikin goma bai rage ba, ɓangaren Nijar ya ƙafe, masunta suka koma noma a cikin tabkin. Ruwan yakan dawo a shekarun da damana ta yi kyau. Nan ne mazaunin shanun Kuri, farare masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa.

Ƙasar kiwo

Arewa da ɗamarar noma, ruwa ba ya isar hatsi amma yana isar ciyawa. Tun 1961 doka ta shata iyakar arewa ta noma, aka keɓe abin da ke bayanta domin makiyaya. Nan ne Azawak, wajen Abalak da Cintabaradan, ƙasar Buzaye da Fulani da Larabawa. Wanda ya bi ta nan a watan Afrilu zai rantse babu abin da ke rayuwa. Ya dawo a Agusta ya ga ciyawa shar iyakar ganinsa, tabkuna sun cika.

A ƙarshen damana, wajen Satumba, garkuna kan taru a filayen Ingal, kimanin kilomita 160 yamma da Agadas, domin dabbobi su sha ruwa mai gishiri su lashi ƙasar wurin, abin da ke ƙara musu lafiya. Arewa da Ingal akwai Tegidan Tesum, inda ake jiƙa ƙasa mai gishiri a cikin ɗaruruwan ƙananan ramuka, rana ta shanye ruwan ta bar gishiri. Daga nesa ramukan kamar an jera ƙoƙunan rini, wani ja wani rawaya. Manomin da ya ga wannan ƙasa da rani zai gane abin da ke koro makiyayi kudu. Haka makiyayin da ya ga wahalar huɗa da noman farko zai gane zafin ɓarnar gona. Rigingimu da yawa da ake kawowa gaban sarakuna da malamai, rashin sanin ƙasar juna na cikin tushensu.

Tsaunukan Abzin

Daga Agadas zuwa arewa, tsaunukan Abzin ne suka miƙe, baƙaƙen duwatsu a tsakiyar hamada. Mafi tsawo a duk ƙasar yana kan tudun Bagzan, mita 2,022. Saboda tsawonsu sukan tare ɗan hadarin da ya iso, ruwa ya gangaro ta ƙoramu ya nutse cikin yashi, ya zauna kusa. Ƙoramar Telwa da ke shayar da Agadas daga nan take fitowa. Mutanen Timiya da Tabalot da Iferwan suna jan ruwan rijiya, a da da raƙumi ko sa, yanzu galibi da inji, suna noman alkama da albasa da dankalin Turawa, har da lemo da rumman da inabi. A Timiya akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse cikin wani kwarmi, a Tafadek kuma akwai marmaro mai ruwan zafi da mutane ke zuwa wanka domin ciwon gaɓoɓi. Da hunturu sanyin tsaunukan nan yakan kai ruwa ya daskare. Ga mu Hausawa wannan wuri ba baƙo ba ne, domin tarihin Gobirawa ya nuna a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu.

Tenere da Kawar

Gabas da Abzin sai Tenere, hamadar da babu inuwa babu tsuntsu. Wani wuri shimfiɗar tsakuwa ce, wani wuri tuddan rairayi, kuma a Temet tsawonsu ya kai kusan mita 300. An haɗa wani yanki na Abzin da Tenere, fiye da hekta miliyan 7, aka sa shi cikin gadon duniya a 1991.

Daga Agadas zuwa Balma kusan kilomita 600 ne, kuma garin Fashi ne babban zango a tsakani. Balma da Dirku suna gindin dutsen Kawar, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ɓuɓɓugowa a wurin da sama ba ta zubarwa. Da shi ake shayar da dabino, da shi ake yin gishiri. Can arewa kuma akwai kufan tsohon birnin Jado. Tun ɗaruruwan shekaru, daga watan Oktoba ayarin Abzinawa kan ɗauki hatsi zuwa Fashi da Balma, su dawo da kantun gishiri da dabino, su gangara da su Damargu da ƙasar Hausa. Mutumin Balma ba ya rayuwa sai da hatsin kudu, saniyar kudu kuma tana bukatar gishirin Balma. Haka sassan ƙasar nan suka daɗe suna ciyar da juna.

Wannan hamada ba haka take ba tun asali. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. A Gobero, cikin Tenere, an gano maƙabarta a shekarar 2000 a bakin wani ƙafaffen tabki, tare da ƙasusuwan kifi da ƙugiyoyin su. A Gadufawa kuma an tono ƙasusuwan dinozor da na wani kada mai tsawon kusan mita 10. Inda ake mutuwa da ƙishirwa a yau, a da kifi ake kamawa.

Akwai wani itace guda da ya tsaya shi kaɗai a Tenere, babu wani a kewayensa har tafiyar ɗaruruwan kilomita, saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. Ayari bayan ayari sun wuce shi, babu madugun da ya yarda a karya reshensa a dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya buge shi ya kayar. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Haka nan a Termit, wadda aka mayar gandu a 2012, farar barewar hamada mai murɗaɗɗun ƙahoni da ake kira adaks ta kusa ƙarewa saboda farauta. Wani binciken 2016 guda 3 kawai ya gani. Raƙuman dawan Kure da gawon Matamai sun nuna abin da kulawa ke dawowa da shi, itacen Tenere da adaks kuma sun nuna abin da sakaci ke tafiya da shi.

Nasiha ga mai niyyar tafiya

Na farko, a tambaya kafin a tashi, domin matambayi ba ya ɓata. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya taɓa gandun W da sassan Tilaberi da bakin tabkin Chadi da wasu hanyoyin arewa. A Kure ma, a watan Agustan 2020, an kashe mutum 8. A nemi bayanin hukuma da na mutanen wuri. Inda aka ce kada a je, to kada a je.

Na biyu, kada wanda ya shiga hamada ba tare da jagora masani da isasshen ruwa ba, kuma ba da mota ɗaya ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah Ya jiƙansu. Mutanen ƙasar noma ne da ba su san halin hamada ba.

Na uku, a zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, da damana kuma ƙoramu kan yanke hanya ba zato.

Na huɗu, a bar wuri yadda aka same shi. Kada a ƙazantar da bakin rijiya, kada a rubuta suna a kan zanen mutanen da, kada a kwashi kayan tarihi, kada a watsar da leda inda dabba za ta haɗiye.

Na ƙarshe, ba sai mai kuɗi ba ne ke ganin ƙasa. Ɗalibin Maraɗi ya fara da Madarunfa, na Damagaram da tabkin Gidimuni, na Tawa da tabkin Tabalak, na Yamai da gidan tarihi da bakin kogi. Muna kira ga malaman makarantunmu da su riƙa fita da ɗalibai ko sau ɗaya a shekara, su nuna musu daga ina ruwan garinsu ke zuwa, ina kuma yake tafiya. Idan a ajinku akwai ɗan wata jaha, ku zaunar da shi ya ba ku labarin ƙasarsu, domin wata rana za a yi muku tambayar da aka yi mana.

Allah Ya ba ƙasarmu da maƙwabtanta zaman lafiya, Ya ba mu damana mai albarka, Ya kai matafiya gida lafiya.